Daga Gayya Zuwa Ciniki: Tarihin Ɗawainiyar Jana'iza a Ƙasar Hausa da Birnin Abuja

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa. Riga ce wadda ba a gwada wa mutum kafin ya sa, ba a kuma tambayarsa ko ya shirya. Amma duk da cewa kowa zai sa ta, ba kowace al'umma ce ke biyan kuɗi ɗaya wajen raka mamacinta ba. Bahaushe ya daɗe yana alfahari da cewa jana'izarsa ba ta da tsada: a yi wanka, a sa likkafani, a yi salla, a kai makwanci, duk kafin rana ta faɗi. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan sauƙi, daga ina ya samo asali, su wa suke ɗauke da nauyinsa, da kuma abin da ya same shi da ya iso birni irin Abuja. Abin da ake son nunawa shi ne, jana'izar Bahaushe ba ta taɓa zama kyauta ba. Jama'a ce ta rarraba nauyinta a tsakaninta har ya zama ba a jin sa, kuma duk inda jama'ar ta yi rauni, sai farashi ya maye gurbinta.

Kafin Musulunci Ya Kafu

A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, akwai wasu manyan tuddai waɗanda kaburbura ne na shugabannin da. Baturen mulki Palmer ya fara tona su a 1907, sannan masana tarihin ƙarƙashin ƙasa suka sake tonawa a 1992. An sami gawarwaki tare da kayan ado na zinariya da hauren giwa da duwatsun wuya da tasoshin ƙarfe, wasunsu ma daga ƙasashe masu nisa aka kawo su. Masana sun kimanta shekarun kaburburan tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16. Wannan shaida ce cewa an yi zamanin da babban mutum a ƙasar Hausa yake tafiya da wani yanki na dukiyarsa cikin rami, kuma tara ƙasar da ta zama tudu aiki ne na mutane masu yawa. Ashe jana'iza mai tsada ba baƙuwa ba ce a tarihinmu.

Ma'aunin da Musulunci Ya Kawo

Musulunci ya shigo da wani ma'auni dabam. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun tsara cewa wankan gawa da likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya ƙi, to laifin na kowa ne. Kuɗin likkafani da haƙa daga dukiyar mamaci ake fara cire su, kafin biyan bashin da ke wuyansa, kafin wasiyya, kafin rabon gado. Idan bai bar komai ba, kuma babu wanda ciyar da shi ya rataya a kansa, sai baitulmali ya ɗauka, in babu, sai jama'ar Musulmi. An kuma kwaɗaitar da gaggauta binnewa, aka hana ƙawata kabari don alfahari. Malamai sukan ba da labarin sahabi Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata a Makka, amma da ya yi shahada a Uhudu mayafinsa bai isa ya rufe shi duka ba, sai da aka rufe ƙafafunsa da ciyawa.

Wannan ma'auni bai kori tsofaffin al'adu dare ɗaya ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya keɓe babi a kan jana'iza inda ya rarrabe sunna da abubuwan da mutane suka ƙirƙira. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sauƙin jana'iza ya ƙara samun gindin zama, har ya zama sarki da talaka farin ƙyalle iri ɗaya ake naɗe su da shi, makara ɗaya ke ɗaukar su.

Yadda Aka Raba Nauyi

Idan aka dubi jana'iza a tsohon birni ko ƙauye, za a ga kowane sashe nata yana da mai ɗauka. Filin maƙabarta sarki ko mai gari ya yanka, ko wani mai hali ya bayar waƙafi, ba a sayar da shi taki-taki. Haƙa kuwa aikin samarin unguwa ne ko wasu bayin Allah da suka sadaukar da kansu, abin da masu rakiya suka miƙa musu shi ne ladansu na duniya. Itacen rufi ko fasassun tukwane a kusa ake samu. Makara tana jingine a masallaci. Wanka malamin unguwa ko wata dattijuwa ke yi, da ganyen magarya da ɗan turare. Abin saye ɗaya ne, likkafani, wanda da can fari ne na saƙi, daga baya alawayyo da akoko suka maye gurbinsa, kuma dattawa da yawa sukan sayi nasu su ajiye a ƙarƙashin adaka tun suna da rai. Abincin zaman makoki daga gidajen maƙwabta yake fitowa, bisa koyi da umurnin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar na a yi wa iyalan Ja'afaru abinci lokacin da aka yi musu rasuwa.

Idan da za a yi wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi, da jimillar ta yi nauyi. Gayya ce ta ɓoye ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ɗauki makarar wani yau ya san gobe za a ɗauki tasa.

Inda kuɗi ya fi fita daga aljihun iyali shi ne bayan an dawo daga maƙabarta: sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da gumba da waina da goro, da ciyar da baƙin da suka zo gaisuwa daga nesa. A nan ne aka fi samun saɓanin malamai. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi wa'azi mai zafi a kan waɗannan taruka, malaman ɗariƙu kuma suka kare su a matsayin sadaka da addu'a ga mamaci. Ko wane ɓangare mutum ya bi, muhawarar ta sa gidaje da yawa sun taƙaita zaman makoki zuwa kwana uku.

Birnin da Aka Zana a Takarda

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya. Tsohon garin Abuja, wanda Haɓen Zazzau suka kafa, ya ba da sunansa ya koma Suleja. A ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar gwamnati ta taso daga Legas. Dokar ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar yankin, saboda haka babu wani mai gari da zai nuna fili da sanda ya ce a binne a nan. Mutanen farko da suka ɗanɗana wannan su ne 'yan asalin wurin, musamman Gbagyi, waɗanda aka tayar da wasu garuruwansu, kamar mutanen Wuse da aka mayar Sabon Wuse a Jihar Neja, suka bar kushewun kakanninsu a baya.

Ƙidayar 1991 ta sami mutanen yankin ba su kai rabin miliyan ba, ta 2006 kuwa ta same su sun haura miliyan 1.4, kuma tun daga nan ƙaruwa suke yi. Yawancinsu baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori da 'yan ci-rani. A cikin birni, maƙabartar Gudu ita ce aka fi sani, tana da sashen Musulmi da na Kirista, kuma a can aka binne Malam Abba Kyari a Afrilun 2020. Sojoji suna da tasu a kan hanyar filin jirgin sama, inda aka binne Janar Ibrahim Attahiru a Mayun 2021. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa kafa maƙabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a birnin da kowane taku na ƙasa yake da mai nema, matacce ba ya iya gogayya da mai gina rukunin gidaje.

Manyan ƙasa da yawa gida ake mayar da su. Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja a ranar 8 ga Yuni, 1998, aka binne shi a Kano a wannan rana. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka binne shi a Katsina. Waɗannan jirgin gwamnati ya ɗauke su. Mai gadi ko mai tura baro da ya rasu a Nyanya ko Kubwa, 'yan'uwansa ne za su zauna su yi lissafi: a binne shi a nan cikin baƙi, ko a yi karo-karo a ɗauki mota zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 400, ko Sakkwato, wadda ta fi haka nisa? Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara ɗaci.

Haka kowane sashe na tsohuwar gayya ya sami farashi. Wanda ya rasu a asibiti, sai an biya sauran kuɗin jinya, kuma kowane dare da gawa ta yi a ɗakin ajiya yana da kuɗinsa. Makarar da ake ɗauka a kafaɗa ta koma motar gawa, domin maƙabarta ta yi nisa da unguwa. Haƙa da bulon rufi da ruwan kwaɓa ƙasa duk saye ake yi. Maƙwabcin da zai aiko da tuwo kuwa, watakila bai ma san an yi rasuwa a bayan katangarsa ba.

Maƙwabta da Sauran Duniya

Abuja gari ne na kowa, kuma nauyin da ke kan maƙwabtanmu Kirista, musamman na kudu, ya ninka namu. A al'adar da yawansu, girmama mamaci yana buƙatar a jira dangi su taru, don haka gawa takan yi makonni ko watanni a ajiye, ga akwati, ga kai ta garinsu, ga ciyar da taro. Wannan ya haifar da kamfanonin jana'iza masu sayar da hidimar gaba ɗaya. Tsadar ta kai har Jihar Anambra ta yi doka a 2019 don taƙaita kwanakin biki da tsawon ajiye gawa.

A wasu ƙasashe, ƙarancin fili da tsadar kabari sun tura mutane ga ƙone gawa. A Ingila an fara yin haka a hukumance a garin Wokin a 1885, yau kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatansu ƙonewa ake yi. Cocin Katolika ya sassauta hanin da ya yi a kai a 1963. A Nijeriya, Jihar Legas ta yi dokar da ta halatta ƙonewa bisa zaɓi a 2013. Ga Musulmi wannan ƙofa a rufe take, domin shari'a ta wajabta binnewa. Ma'anar haka ita ce, buƙatarmu ga fili ba za ta taɓa raguwa ba, kuma al'ummar da ba ta da wata mafita sai ƙasa, ita ya fi kamata ta riga kowa tanadin ƙasar.

Akwai kuma darasi a kan kwatanta farashi. Hukumomin Amurka sun lura cewa wanda aka yi wa rasuwa ba ya iya ciniki, don haka tun 1984 suka wajabta wa kamfanonin jana'iza su ba mai tambaya jerin farashin kowace hidima dalla-dalla. Ingila ta bi sahu a 2021. Wannan rauni mu ma muna da shi. Bahaushen da zai yi rabin sa'a yana taya buhun gero, ba zai iya buɗe baki ya nemi ragi a kan likkafanin mahaifinsa ko motar da za ta ɗauke shi ba. Kunya da alhini da gaggawar binnewa sukan haɗu su ɗaure masa harshe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna matakai uku: zamanin da ake binne dukiya tare da mai ita, zamanin da Musulunci da gayya suka sauƙaƙa jana'iza, da zamanin birni inda kowane aiki yake da rasit. Ba za a iya mayar da Abuja ta zama tsohuwar unguwa ba, amma ana iya gina abin da unguwar take yi. Kwamitocin masallatai da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya sun riga sun fara, da motocin gawa da asusun taimako. Abin da ya rage shi ne hukuma ta keɓe filayen maƙabarta a kowace sabuwar gunduma kafin a rabar da ita, masu hali su tuna cewa waƙafin maƙabarta sadaka ce mai gudana, a yanka wa masu haƙa albashin da zai riƙe su, a kuma kafa allon farashi a ƙofar kowace maƙabarta da ɗakin ajiye gawa, yadda mai makoki zai san abin da zai biya ba tare da ya tambaya ba. Farillar kifaya ba ta faɗuwa don mutane sun koma birni. Idan aka wayi gari gawar talaka tana kwana a asibiti saboda rashin kuɗin mota, to laifin ya hau kan duk wanda ya ji labari.