Tashar Mota a Bakin Kwara: Ina Ya Dace Malanville ta Sauke Baƙinta?

Babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Faraku da Kandi, a Malanville take ƙarewa bayan tafiyar sama da kilomita 700. Daga nan sai gadar kogin Kwara da aka gina a 1958, sai garin Gaya na Nijar, sai kusan kilomita 300 zuwa Yamai. Layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga bakin teku ya tsaya a Faraku tun 1936, bai ƙara gaba ba. Ke nan mutum da kaya duk a mota suke isowa wannan gari. Wannan maƙala tana ganin cewa duk shirin gina wa Malanville sabuwar tashar fasinja, wajibi ne ya ajiye ta a cikin gari, tsakanin kasuwa da bakin ruwa, ya kuma raba ta da wurin tsayuwar manyan motocin kaya.

Hujja ta farko kasuwa ce. Ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da 168,000 a ƙaramar hukumar Malanville, amma abin da ya ɗaukaka sunan garin shi ne kasuwarsa, wadda ake lissafa ta ta biyu a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Tun daga Alhamis take cika har ƙarshen mako. Masara da doya da garin rogo suna haurowa daga kudu, albasa da shinkafa suna fitowa daga fadamun kogi, Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani suna ciniki da sefa da naira. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther, a littafinsa na 2008, ya nazarci Malanville da Gaya da Kamba ta Jihar Kebbi a matsayin kasuwanni uku da fatauci ya ɗinke su, duk da iyakokin ƙasa uku. 'Yar kasuwar da ta sauko da buhu goma ta zo ne don rumfa, kuma duk kilomita ɗaya da aka ƙara tsakanin mota da rumfa, daga ribarta za a biya 'yan dako da mai amalanke.

Hujja ta biyu rikicin iyaka ne ya fito da ita fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a hanyar Kandi. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Tafiya kuwa ba ta tsaya ba. Bas yakan sauke mutane a Malanville, 'yan dako su rarumi kaya, ɗan kabu-kabu ya ɗaure jaka a kan tanki ya nufi bakin ruwa, a yi cinikin kwale-kwale, a haye, a hau wata motar a Gaya. Tsohuwa da jikanta a goye, ɗalibi da akwatinsa, mara lafiyar da ya je neman magani Kwatano, kowa sai ya sauya abin hawa sau uku a ɗan taƙin da a da bas ke wucewa ba tare da an sauka ba. Tashar da aka zana don ranar da gada take buɗe kaɗai za ta kasa aiki ranar da siyasa ta sake rufe ta. Dole tun a takarda a shata hanya miƙaƙƙiya daga ƙofar tasha zuwa mashigin jirage, da fitilu da wurin jira.

Masu son a kai tasha bayan gari suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce: fili ya fi araha a can, cunkoso zai ragu, binciken jami'an tsaro zai fi sauƙi a yankin Alibori da ke fama da hare-haren 'yan bindiga a kewayen gandun dajin W. Sai dai mafi yawan cunkoson Malanville na tireloli ne da tankokin mai masu jiran takardun duwan. Su ne suka cancanci babban fili a wajen gari, kusa da ofishin binciken haɗin gwiwa da ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa ta kafa a iyakar. Ta fuskar tsaro kuma, tasha ɗaya mai katanga da ƙofa da rajistar matafiya ta fi lodin da ake yi a lunguna goma.

Wasu biranen sun riga sun gwada. A 2014 Dakar ta rufe tsohuwar tashar Pompiers da ke tsakiyar birni, ta mayar da motoci Baux Maraîchers a Pikine, sai ga tashoshin bayan fage suna tsirowa a unguwanni, domin fasinja ya ƙi nisa. Legas kuwa, da ta buɗe babbar tashar Oshodi a 2019, a inda jama'a suka saba sauya mota ta gina ta.

Akwai kuma maganar ruwa. Malanville tana kwance a kwarin kogi, kusa da inda kogin Sota ke zuba cikin Kwara, kuma sau biyu kogin ke cikowa a shekara: da damina wajen Agusta da Satumba, sai kuma da sanyi, idan ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso. Ambaliyar 2010 ta yi ɓarna mai yawa a Malanville da maƙwabciyarta Karimama. Saboda haka kusanci da bakin ruwa yana buƙatar a duba tsayin da ruwa ya taɓa kaiwa, a cike filin ya ɗara shi, a haƙa magudanai kafin a aza tubali.

Cikin tashar ma sai an tsara shi da idon wanda zai kwana a ciki. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu yana buƙatar rumfuna masu faɗi da bishiyoyi da famfo. Ana buƙatar bayan gida na mata dabam, wurin alwala da sallah, ma'ajiyar kaya mai rasit, layin 'yan kabu-kabu, da gurbin masu abinci da 'yan canji. Idan zane ya manta da su, a bakin ƙofa za su zauna su tare hanya.

Dokar ƙananan hukumomi ta 15 ga Janairun 1999 ta ɗora wa hukumomin gari a Benin alhakin ginawa da kula da tashoshin mota da mashigan jirage da wuraren ajiye motoci na yankinsu. Abubuwa ukun nan su ne ainihin matsalar Malanville, kuma shiri ɗaya ya kamata ya haɗa su. Kira ga magajin gari da majalisarsa shi ne su fara da ƙirga motoci da matafiya a ranar kasuwa da ranar da ba ta ci, su zauna da ƙungiyoyin direbobi da masu jirage da matan kasuwa da takwarorinsu na Gaya, sannan su zaɓi fili.