Yadda ake tantance kwas ɗin zanen gine-gine a jami'o'in Najeriya

A Najeriya, samun digiri a fannin zanen gine-gine bai isa ya bai wa mutum izinin yin aikin a matsayin ƙwararre ba. Dole ne kwas ɗin da ya karanta ya samu amincewar hukumomi biyu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, da Majalisar Rajistar Masu Zanen Gine-gine ta Najeriya, wato ARCON. Ɗalibin da ya shiga kwas ɗin da ba a amince da shi ba yana iya shafe shekara shida yana karatu, daga ƙarshe ya tarar ƙofar rajista a rufe take.

Tarihi a taƙaice

An fara koyar da zanen gine-gine a Najeriya a shekarar 1952 a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Ibadan. A 1955 aka mayar da sashen Zariya, inda ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ƙungiyar masu wannan sana'a, wato NIA, ta kafu a 1960, sannan Dokar Soja mai lamba 10 ta 1969 ta samar da ARCON.

Aikin NUC

An kafa NUC a 1962, kuma Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin mizanin karatu tare da tantance kwasa-kwasan jami'o'i. Hukumar kan tura ayarin malamai daga wasu jami'o'i su duba manhaja, yawan malamai da matakin karatunsu, gine-gine da kayan aiki, ɗakin karatu, da kuɗin da ake kashe wa sashen.

Sakamakon iri uku ne. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 cikin 100 zuwa sama, bai kuma gaza a manyan ɓangarori ba, yakan samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya samu daga kashi 60 amma bai cika sharuɗɗan ba, sai a ba shi amincewar wucin gadi ta shekara biyu domin ya gyara. Wanda ya gaza kai wa kashi 60 kuwa, an hana shi ke nan, kuma jami'ar za ta dakatar da ɗaukar sabbin ɗalibai a kwas ɗin har sai an sake tantance shi. A sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disamban 2022, zanen gine-gine ya zama fanni mai zaman kansa.

Aikin ARCON

NUC tana duba ingancin karatu ne, ita kuwa ARCON tambayarta ita ce ko wanda ya kammala zai iya aikin. Saboda haka ayarinta ya fi mayar da hankali kan ɗakin zane, inda ɗalibi ke shafe mafi yawan lokacinsa. Ana duba zane-zanen ɗalibai tun daga ajin farko, da yawan ɗaliban da ke hannun kowane malami, da kuma ko akwai masu rajista a cikin malaman.

Matakan zama ƙwararre

A yawancin jami'o'i digirin farko shekara huɗu ne, sai digiri na biyu na shekara biyu. A jami'o'in fasaha digirin farko yakan kai shekara biyar. Digirin farko shi kaɗai ba ya kai mutum ga cikakkiyar rajista. Bayan karatun akwai aikin neman gogewa na aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa. Wanda ya haye waɗannan matakai ne doka ta amince ya amsa sunan ƙwararren mai zanen gine-gine, ya kuma buga hatiminsa a kan zane.

Kwasa-kwasan difloma na kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, kuma tsarinsu dabam ne.

Abin lura ga iyaye da ɗalibai

Amincewa ta shafi kowane kwas ne shi kaɗai. Jami'a na iya zama mai lasisi alhali sashen zanen gine-ginenta bai samu amincewa ba, ko kuma wa'adin amincewar ya ƙare. Kafin cike fom ɗin JAMB, ya kamata a duba matsayin kwas ɗin a shafin intanet na NUC, a kuma tambayi sashen shekarar da ARCON ta zo tantancewa ta ƙarshe da sakamakon da aka samu. Haka nan a bincika ko amincewar ta haɗa da digiri na biyu, domin idan ta tsaya a digirin farko, ɗalibin zai nemi gurbi a wata jami'ar kafin ya kammala.