In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Tarihin Kare Kunnen Ma'aikaci Daga Ƙarar Wurin Aiki

Gabatarwa

Kowace sana'a tana da tabon da takan bari a jikin mai yin ta. Akan gane marini da shuɗin hannu, manomi da kantar tafi. Amma akwai tabon da ido ba ya gani, watau kurumtar da ƙarar guduma da ta injuna ke jawo wa ma'aikaci sannu a hankali, ba ciwo ba jini, har ya wayi gari yana tsammanin mutanen gidansa ne suka koma yin magana ƙasa-ƙasa. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka gano wannan cuta a Turai da Amurka, da irin kayan da aka ƙago don kare kunne, da kurakuran da aka tafka wajen zaɓensu. Abin da tarihin zai nuna shi ne, kariyar da ta fi amfani ita ce wadda ta dace da ƙarar wurin, ta zauna daidai a kunnen mai ita, kuma ya yarda ya bar ta a kunne daga fara aiki har tashi.

Daga Maƙeran Italiya Zuwa Masaƙun Ingila

A shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya buga littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, wanda saboda shi ake ɗaukarsa uban ilmin lafiyar ma'aikata. A bugun da ya faɗaɗa a 1713 ya kawo bayanin maƙeran jan ƙarfe na birnin Banis, waɗanda aka tara a unguwa guda suna dukan ƙarfe tun safe har yamma. Ya lura cewa jinsu yakan ragu da farko, in kuwa suka tsufa a cikin sana'ar sai su kurumce. Ramazzini ya gane sanadin cutar, amma zamaninsa ba shi da ma'aunin ƙara, ba shi kuma da wata kariya da ta wuce cusa auduga ko tsumma a kunne.

Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 19, abin da yake damun maƙera 'yan ƙalilan sai ya game dubban mutane. A 1886 Thomas Barr, likitan kunne a birnin Gilasgo, ya bincika jin masu ƙera tukwanen tururi, waɗanda da su ake tafiyar da jiragen ruwa da injunan masana'antu. Aikinsu shi ne haɗa faifan ƙarfe da ƙusoshi, wani yana cikin tukunyar yana tokare ƙusa, wasu suna waje suna sakar mata guduma. Barr ya kwatanta jinsu da na ma'aikatan da ba sa cikin irin wannan ƙara, ya tarar jin maƙeran ya lalace ƙwarai. Cutar ta shahara har aka riƙa kiranta da sunan sana'ar tasu.

A masaƙun Lankasha ta Ingila kuwa, inda ɗaruruwan injunan saƙa ke aiki a zaure guda, ƙara ta kai ga ma'aikata ba sa jin juna, sai suka ƙware wajen karanta motsin leɓe da nuni da hannu. Mutanen wancan zamani sun ɗauki kurumta wani haraji ne da sana'a ke karɓa, wasu ma suna ganin alamar ƙwarewa ce, wai kunne ya saba. Alhali kunne ba ya sabawa da ƙara. Can cikinsa akwai wani gurbi mai siffar katantanwa, ɗauke da dubban ƙananan ƙwayoyi masu gashi, su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani takan kashe su, kuma wadda ta mutu a kunnen ɗan Adam ba ta sake tsirowa. Siraran sautuka su ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mai wannan cuta yakan ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomin.

Abin Da Yaƙi Ya Haifar

Ba tausayin ma'aikaci ne ya fara kawo kayan kare kunne na zamani ba, bukatar soja ce ta fi tura abin gaba. A 1907 wani mai haɗa magunguna a Balin, Maximilian Negwer, ya kafa kamfanin da ya shahara da matoshin kunne na kaki da auduga mai suna Ohropax, kuma sojojin Jamus sun yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda rugugin igwa. Sojojin Ingila su ma suna da nasu, mai suna Mallock-Armstrong. A Yaƙin Duniya na Biyu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fito da matoshin roba mai suna V-51R, wanda aka riƙa yi a girma daban-daban, domin an fahimci cewa ramin kunnen wani ba ɗaya yake da na wani ba. Zuwan jiragen sama masu injin jet ya sa aka kyautata marufin kunne, watau ƙoƙuna biyu masu laushin baki da wani maɗauri ke matse su a kai. Daga bisani, a 1972, Ross Gardner na Amurka ya ƙago matoshin soso, wanda ake murzawa ya sirance, a sa shi a kunne, sa'an nan ya kumbura a hankali ya cika ramin.

Ma'auni Da Doka

Ba a iya kafa doka a kan abin da ba a iya aunawa. A shekarun 1920 injiniyoyin tarho na Amurka suka daidaita ma'aunin desibel, aka kuma sami na'urar lantarki ta gwada jin mutum. Wannan ma'auni yana da wata ɗabi'a da ya kamata a kiyaye: duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti. Hira tsakanin mutum biyu takan kai desibel 60. Bisa shawarar da cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bayar a 1998, iyakar abin da ya kamata kunne ya ɗauka shi ne desibel 85 na awa 8, ko 88 na awa 4, ko 91 na awa 2, in kuwa ƙarar ta kai 100 to minti 15 kacal.

Masu masana'antu ba su farga ba sai da maganar diyya ta taso. A 1948 kotu a Jihar Niyok ta yanke cewa ma'aikacin wata maƙera ya cancanci diyyar jin da ya rasa, ko da yake kurumtar ba ta hana shi karɓar albashinsa ba. Wannan hukunci ya buɗe ƙofar shari'u masu yawa. A 1969 gwamnatin Amurka ta sa iyakar desibel 90 na awa 8 ga kamfanonin da ke yi mata kwangila, a 1971 aka faɗaɗa dokar ta game masana'antu, a 1983 kuma aka wajabta gwajin kunne da ba da kayan kariya tun daga desibel 85. A Ingila, Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da wani ɗan littafin gargaɗi a 1963, bayan shekara ashirin kuma kotu ta ɗauki wannan shekara a matsayin lokacin da mai masana'anta ba shi da sauran uzurin cewa bai sani ba. Dokar Ingila ta 2005 ta ce daga desibel 80 a ba ma'aikaci kariya in ya nema, daga 85 sawa ta zama tilas, kuma abin da ke isa kunne bayan kariya kada ya wuce 87. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ita ma ta zartar da yarjejeniya mai lamba 148 a 1977, wadda ta shafi ƙara da girgiza da gurɓatar iska a wurin aiki.

Ruɗin Lambar Kan Kwali

A 1979 hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta wa masu yin kayan kare kunne su rubuta wata lamba a kan kwali, ana kiranta NRR, mai nuna yawan desibel da abin ke ragewa. Niyyar ita ce a sauƙaƙa wa mai saye zaɓi, amma sai lambar ta zama tarko. A ɗakin gwaji ake samo ta, inda gwani ke sa wa mutum matoshi da hannunsa, mutumin kuma yana zaune shiru. Ma'aikaci kuwa yana gumi, yana magana, yana sauri, sau da yawa ma ba a taɓa nuna masa yadda ake sawa ba. Binciken da aka yi ta yi a masana'antu ya nuna kariyar da ake samu a zahiri ta yi ƙasa ƙwarai da ta kan kwali. Saboda haka NIOSH ta ba da shawarar a zabge kashi 25 cikin ɗari daga lambar marufin kunne, kashi 50 daga ta matoshin soso, kashi 70 daga ta sauran matosai.

Wani darasi mai ɗaci ya zo daga rundunar sojan Amurka. Tsakanin 2003 da 2015 an raba wa sojoji wani matoshi mai baki biyu, wanda daga baya aka yi zargin ya yi gajarta, yana iya sassautawa a kunne ba tare da mai shi ya sani ba. Tsofaffin sojoji fiye da 200,000 suka kai kamfanin 3M kotu, a 2023 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala biliyan 6, ko da yake bai amsa laifi ba. Ko ma yaya gaskiyar zargin take, shari'ar ta tabbatar da cewa zaman matoshi a kunne shi ne komai.

Ƙa'idojin Da Tarihi Ya Bari

Daga wannan dogon tarihi za a iya tsamo ƙa'idoji biyar. Ta farko, kayan kare kunne su ne mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare su sai an nemi rage ƙarar daga tushe, ta hanyar gyaran inji da sa masa mai, ko killace shi, ko rage awoyin da mutum ke yi kusa da shi. Ta biyu, a auna ƙarar kafin a sayi komai. Inda babu na'ura, in mutum biyu da ke tsaye da tazarar hannu guda sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to ƙarar ta kai matakin haɗari.

Ta uku, kada kariya ta wuce kima. Abin da ake nema shi ne sautin da ke isa kunne ya sauko tsakanin desibel 70 da 80. In aka toshe kunne fiye da haka, ma'aikaci ba zai ji gargaɗin abokin aiki ko ƙahon mota ba, daga nan sai ya cire abin ya ajiye. Ta huɗu kuwa ita ce mafi muhimmanci, watau dawwama. Lissafi ya nuna cewa in mutum ya cire kariya mai rage desibel 30 na awa guda a cikin awa 8 na ƙara, amfanin da ya samu a ranar bai wuce desibel 9 ba. Ashe matoshi mai matsakaicin ƙarfi da aka wuni da shi ya fi mai ƙarfi da ke rataye a wuya.

Ta biyar, a dubi mutumin da aikinsa. Marufin kunne ya fi sauƙin sawa da cirewa, shugaban aiki kuma yana iya hango shi daga nesa, amma yana da zafi, kuma ƙafar tabarau ko hula takan buɗe masa kafa. Matoshin soso ya fi daɗi a wuri mai zafi, sai dai yana bukatar hannu mai tsabta da koyarwa: a murza shi, a ja kunne sama da baya da ɗaya hannun, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. Inda ƙara ta wuce desibel 100 akan haɗa biyun, amma ƙarin da ake samu kimanin desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi a cikinsu. Busasshiyar auduga kuwa, wadda aka dogara da ita tun zamanin Ramazzini, abin da take tarewa kaɗan ne ainun.

Yadda Abin Ya Shafi Nijeriya

Wannan tarihi bai tsaya a Turai ba. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, an kafa ta ne da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na Lankasha, watau da sana'ar da ƙararta duka suka ƙetaro teku tare. Yawancin manyan masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe, amma ƙarar ba ta tafi ba, ta koma injin niƙa da na markaɗe, da injin yankan katako, da shagon walda, da wurin fasa dutse, da janareto. A fannin doka, an fitar da ƙa'idojin kayyade ƙara a 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta keɓe sashe ga lalacewar ji. Sai dai yaron da ke tsaye a bakin injin niƙa tun safe har magariba ba ya cikin rajistar kowace masana'anta, kuma da wuya sufeto ya taka inda yake.

Kammalawa

Tsakanin littafin Ramazzini da dokar Amurka ta 1969 akwai fiye da shekara 250, kuma a tsawon wannan lokaci ba sanin cutar aka rasa ba, wanda zai ɗauki nauyin hana ta aka rasa. Yau akwai ma'auni, akwai doka, akwai matoshi mai araha. Abin da ya rage yana hannun jami'in da ke sa hannu a takardar sayen kaya, da sufeton masana'antu, da ɗalibin da gobe zai zama ɗayansu: ya auna ƙara kafin ya saya, ya ba ma'aikaci zaɓi tsakanin iri biyu ko uku, ya koya masa sawa, ya kuma sa a riƙa gwada jinsa kowace shekara. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wurin aiki mai ƙara, sai an fara tsirar da kunnen kansa, domin jin da ya tafi ba ya dawowa.