Aska da Dutse: Tarihin Koyon Wanzanci a Ƙasar Damagaram

Ranar da jariri ya cika kwana bakwai a ƙasar Hausa, bayan liman ya raɗa suna an raba goro, akwai mutum guda da ake jira. Yakan zo da zabira rataye a kafaɗa, ya shimfiɗa buzu a gindin katanga, a miƙo masa jaririn. Kan jaririn bai gama ƙwari ba, maɗigarsa tana motsi ƙarƙashin fata, ga shi ba ya jin lallashi balle a ce masa ya tsaya cik. Duk da haka uwa tana ɗaki, uba yana zaure, babu mai fargaba, alhali kuwa ƙarfen da za a ɗora a kan ɗansu ya fi kowace wuƙa ta gidan kaifi. Wannan amana shekaru ake yi ana gina ta, kuma tarihinta a Damagaram ya haɗa da na maƙera, da majema, da fataken hamada, da kuma mutanen da gari ya ture gefe.

Sunan da sana'ar

Kalmar wanzami ba ta Hausa kaɗai ba ce. Barebari suna da ita, Zabarmawa suna da ita, kuma masana harshe sukan danganta ta da kalmar Larabci hajjam, wato mai yin ƙaho. Fatake da 'yan ci-rani sun kai ta har ƙasar Gana, inda ake kiran mai yi wa yara kaciya wanzam. Yaɗuwar sunan ta nuna cewa aski reshe ɗaya ne kawai na aikin. Wanzami shi ne mai ƙaho, mai kaciya, mai sakiya, mai cire beli, kuma shi ke yin tsagar gado wadda a zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi takan shaida asalin mutum ko da ya ɓace wa danginsa. Turai ma ta san irin wannan haɗin: a Ingila an haɗa masu aski da masu fiɗa a ƙungiya guda a 1540, ba su rabu ba sai a 1745.

Addini ya ƙara wa sana'ar daraja. Askin jariri ranar suna sunna ce, ƙaho sunna ne, mahajjaci kuma da aski ko saisaye yake fita daga harami. Saboda haka a masarautun Hausa wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, mai sasanta rikicinsu da tsaya musu a fada. Matsayi ne mai ban mamaki. Talaka yakan cire takalmi ya durƙusa daga nesa, amma wanzamin sarki yakan ga kan sarki babu rawani, ya kama haɓarsa ya juya ta yadda ya so, ya ɗora masa kaifi a maƙogwaro.

Garin ƙarfe da fata

An kafa daular Damagaram a farkon rabin ƙarni na 18, sarakunanta kuma suna da asali da Barno, wadda suka daɗe suna kai wa gaisuwa. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da fada Zindar. Garin ya zauna a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Ghat da Azbin zuwa Kano, har ya zama gari biyu a haɗe: Birni mai ganuwa da fada, da Zango inda Buzaye da fatake ke sauka. A zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya kai 1884, aka ƙarfafa ganuwar, maƙeran garin kuma suka kai ga zuba igwa.

Inda ake ƙera igwa, aska ba za ta gagara ba. Maƙerin baƙi yakan buga ta daga guntun ƙarfe mai kyau, ya fitar da baki siriri da baya mai kauri, ya tsoma ta a ruwa tana ja domin ta yi ƙwari. Majeman Zindar, waɗanda suka yi suna da jimar fatar awaki, su ke samar da fatar da dukawa ke ɗinka zabira da ita, da kuma tsirin fatar da ake goga aska a kai. Akwai kuma askar waje. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 kuma ya zauna a Zindar daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwar Kano, ciki har da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus da asake daga lardin Styria na ƙasar Ostiriya. Tun kafin sojan Faransa su ci garin bayan yaƙin Tirmini a 1899, ƙarfen Turai ya riga su ratsa hamada a kan raƙumi.

Daga zabira zuwa dutse

Wanzanci sana'ar gado ce. Yaro yakan tashi ya ga mahaifinsa ko kawunsa a kanta, kuma aikinsa na farko ɗaukar zabira ne da bin maigida gida-gida da kasuwa-kasuwa. Shi ke shimfiɗa buzu, ya ɗebo ruwa, ya wanke ƙaho, ya tattara sumar da aka aske. Tattara suma ba ƙaramin aiki ba ne, domin mutane da yawa ba sa son gashinsu ya faɗa hannun da ba su sani ba, saboda tsoron sammu. Yaron da ya iya binne suma ya kama bakinsa a kan abin da ya ji a zauren mutane, ya ci jarrabawar farko.

Daga nan sai dutse. Ba a ba mai koyo askar maigida. Tsohuwa ake ba shi, wadda ta dakushe ko ta yi giɓi, ya koyi washi da ita. Yakan ɗiga ruwa a kan dutse mai laushi, ya kwantar da askar gaba ɗaya yadda baki da baya za su taɓa dutsen tare, sannan ya tura ta baki na gaba kamar mai son yankar fatar dutsen. In ya kai ƙarshe sai ya juya ta ta kan bayanta ya dawo da ɗaya gefen. Hikimar maƙeri tana cikin kaurin bayan: shi ke ɗaga ƙarfen daidai gwargwadon da ake bukata, don haka mai koyo ba ya bukatar aunawa. Kurakuran kuwa sanannu ne. In ya ɗaga bayan, bakin ya yi kauri ya ƙi ci. In ya danna da ƙarfi, bakin ya lanƙwashe. In ya fi wasa gefe guda, sai wani siririn zare na ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, wanda ke karce fata maimakon yanke gashi.

Bayan dutse sai fata, kuma a nan tafiyar takan juya: baya ne ke gaba, baki na biye, in ba haka ba askar ta yanke fatar. Dutse yana cin ƙarfe ya fitar da sabon baki, fata kuwa miƙar da bakin take yi ta goge shi. Shi ya sa ake ganin wanzami yana tsaka da aski ya tsaya ya goga askar a tsirin fata ko a tafin hannunsa, amma ba ya komawa kan dutse sai ta dakushe sosai. Gwajin ƙarshe a jikin mai koyon ake yi. Yakan ɗora ta a kan gashin damtsensa ko na ƙwaurinsa. In gashin ya zube ba tare da ja ba, ta yi. Bayan aiki kuma dole a share ta a busar, domin irin wannan ƙarfe danshin dare ɗaya ya isa ya sa masa tsatsa.

Kan mutum

Kawunan farko da mai koyo ke samu na ƙannensa ne da yaran unguwa da almajirai, waɗanda ba su da abin biya kuma ba su da bakin ƙorafi. Larabawa suna da karin magana a kan mai koyon aski a kawunan marayu, abin da ke nuna cewa wannan rashin adalcin tsoho ne kuma ba na ƙasa ɗaya ba. Mai koyo yakan fara da jiƙa kai da ruwa ya murza shi sosai, da sabulu ko babu, har gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Hannun hagu ya fi na dama aiki, domin shi ke jan fata ta miƙe a gaban kaifi. Fatar da ta tattare ita ce ke yankewa. Askar takan kwanta kusa da fata, ana jan ta gajere-gajere, ana bin kwanciyar gashi. Ba a taɓa zamar da ita ta tsawon bakinta, domin wannan yanka ne.

Tsakiyar kai ta fi sauƙi. Wahala tana bayan kunne, da ƙeya inda fata ke ninkewa, da inda ƙurji ko tabo ya ɓuya cikin suma. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma maganar tana da tushe a sana'ar: kafin a iso nan ruwan ya fara bushewa, kaifin ya ragu, mai kan kuma ya gaji da sunkuyo. Sai wanda ya ƙware a kai ake bari ya taɓa fuskar magidanci, ya daidaita saje, ya rage gashin baki, ya share ƙarƙashin gemu. Ƙaho da kaciya da kan jariri su ne na ƙarshe, kuma maigida ne ke yanke lokacin, ba yawan shekaru ba.

Kara-Kara

A gefen Zindar akwai unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsuguni ne da aka keɓe wa kutare, daga baya wasu da gari ya ƙyamata suka tare a cikinta. Tarihin aska yana da wata fuska a nan. Kuturta tana kashe jijiyoyin ji, ta lanƙwashe yatsu, har mutum ya yanke bai sani ba. Wanda ta ci hannunsa ba zai iya riƙe aska ba, balle ya wasa ta. Dole ya miƙa kansa ga wani. Aski kuwa sana'ar taɓawa ce, kuma taɓawa ita ce abin da aka fi hana kuturu. Jaririn da aka haifa a Kara-Kara shi ma yana cika kwana bakwai, yana bukatar suna da aski kamar ɗan Birni.

Ilimin likita ya nuna cewa tsoron ya zarce haɗarin. Likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar a 1873. An tabbatar ba gadonta ake yi ba, ba ta saurin yaɗuwa ta taɓawa, kuma jikin mafi yawan mutane yana iya kare kansa daga gare ta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke warkar da ita, daga 1995 kuma aka fara raba shi kyauta. Ƙyamar dai ta fi cutar daɗewa. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna samarin unguwar da suka tashi ba makaranta ba aikin yi, suka taru a ƙungiyoyin da ake kira fale, jikin wasunsu cike da tabon wuƙa. A ƙasar da sana'a ke bin gado, yaron da ubansa ba shi da yatsun riƙe aska, ko guduma, ko allura, ya rasa hanyar da sauran yara ke bi su koyi abin yi.

Zuwan reza

A Turai an daɗe ana neman hanyar da mutum zai aske kansa ba tare da ya yanke ba. A 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Paris, Jean-Jacques Perret, ya wallafa littafi a kan koyon aske kai da kai. Wanda ya sauya al'amarin shi ne King Camp Gillette na Amurka, wanda ya fara sayar da reza a 1903 ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1904: siririn ƙarfe mai araha da ake jefarwa in ya dakushe. A cikin ƙarni na 20 reza ta shigo kantuna da teburan 'yan tireda na Zindar, wadda ta kasance hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Daga baya injin aski na lantarki da shagunan samari suka ɗauke yawancin kawunan matasa.

Abin da ya fi girgiza tsohuwar aska shi ne jini. Bayan ɓullar cutar sida a shekarun 1980, da kuma fahimtar yadda ciwon hanta ke bin jini, aka gane cewa haɗarin da aka daɗe ana jingina wa fatar kuturu yana kan kaifin da ke yawo daga kai zuwa kai ba a dafa shi ba. Ma'aikatan lafiya suka riƙa kiran wanzamai taron faɗakarwa a kan tafasa kayan aiki da amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, suna kuma gargaɗi a kan cire beli saboda zubar jini da cutar da kan biyo baya. A 2003 dokar Nijar ta haramta yi wa mata kaciya. Wanzamai da yawa sun koma raba reza biyu su maƙala a mariƙi, kuma magidanci kan zo da tasa a aljihu.

An sami kariya da wannan sauyi, babu mai musu. An kuma rasa wani abu, domin mai koyon da ke sayen kaifi a takarda ba ya zama a gaban dutse, alhali a gaban dutsen ne ake koyon sassauta hannu da haƙuri kafin a taɓa fatar mutum. Sauran darussan suna nan yadda suke: jiƙa kai, jan fata, kwantar da kaifi, kama baki. Har yau a Birni da Zango da Kara-Kara, in jariri ya kwana bakwai wanzami ake aika wa, kuma kafin a miƙa masa yaron tsofaffin gidan sukan tambayi a hannun wa ya koya.