Lissafin Zaɓi da Hukuncin Ɗan Kasuwa

A ƙarshen shekarun 1930 hukumar da ke kula da masana'antun falanki a Leningrad ta kai wa wani matashin farfesan lissafi, Leonid Kantorovich, wata tambaya mai kama da ƙarama. Suna da injuna iri-iri na fere gungumen itace, kowane inji da nau'in katakon da ya fi sauri a kansa, ga kuma kason da aka ɗora musu su fitar na kowane nau'i. Yaya za a raba aikin tsakanin injunan don kaya su fi yawa? Kantorovich ya ga cewa gwada kowane rabo ɗaya bayan ɗaya ba zai ƙare ba, sai ya ƙago hanyar warwarewa, ya buga ta a wani ɗan littafi a 1939. A 1947 kuma George Dantzig, wanda ke yi wa rundunar sojan saman Amurka aikin tsare-tsare ba tare da ya san da aikin Kantorovich ba, ya fito da dabarar simfileks ta warware irin wannan matsala. Idan aka haɗa waɗannan da aikin masana kimiyyar da Birtaniya ta tara a Yaƙin Duniya na Biyu don su taya sojoji sarrafa na'urar rada da kare ayarin jiragen ruwa, an samu tushen fannin da ake koyarwa yau a sassan lissafi da injiniyanci da kasuwanci, wato ilimin tsara ayyuka ta hanyar lissafi.

Hujjar wannan maƙala ita ce, masu kasuwanci kan nemi amfanin wannan ilimi a ɓangaren da ya fi saurin lalacewa. Manaja yana jiran kwamfuta ta miƙo masa amsa ya sa hannu, alhali amsar na iya tsufa cikin mako guda. Abin da ke jurewa shi ne yadda lissafin ke tilasta masa ya faɗi ƙarara abin da yake nema da abin da ya ɗaure masa hannu, sannan ya nuna masa nawa kowane ɗauri yake ci masa.

Mu ɗauki mai haɗa abincin kaji, domin wannan na cikin sana'o'in farko da suka ci moriyar dabarar tun shekarun 1950, kuma sana'a ce da ake yi a Kano da Kaduna da Jos. Kaza mai ƙwai tana buƙatar abinci mai sinadarin gina jiki wajen kashi 16 cikin 100. Masara tana da kusan kashi 9, tunkuzar waken soya kuwa kusan kashi 44. Da a ce kayan biyu ne kawai, da ko a bayan buhu an yi lissafin: kilo 80 na masara da kilo 20 na soya sun ba da kashi 16 cif. To amma kaza tana son sinadarin ƙarfafa ɓawon ƙwai, don haka sai an zuba garin ƙashi ko na farin dutse, waɗanda ke cin wuri a cikin buhu ba su ƙara komai ga gina jiki ba. Dusar alkama tana da araha, sai dai in ta yi yawa abincin ya rasa ƙarfi. Ƙuli-ƙuli yana iya maye gurbin wani kaso na soya, amma da iyaka, saboda gubar fumfunar da kan kama gyaɗa. Kafin a ankara an tara kaya goma da sharuɗɗa goma sha biyu, kowane kaya da farashinsa na ranar, kuma taɓa ɗaya yana motsa sauran. A nan ƙwaƙwalwar mutum take sarewa, kowa ya koma kan haɗin da ya gada wurin maigidansa. Dabarar simfileks kuwa tana lalubo haɗin da ya cika dukkan sharuɗɗan da mafi ƙarancin kuɗi kafin a ƙifta ido.

Sai dai sharuɗɗan da aka gaya mata su kaɗai take cikawa. A 1945 masanin tattalin arziki George Stigler ya nemi abinci mafi araha da zai wadatar da baligi da sinadarai 9 daga cikin kayan abinci 77. Da ƙiyasi da haƙuri ya samu dala 39.93 a shekara, bisa farashin 1939. A 1947 aka sa ma'aikata tara da injunan lissafi na tebur suka bi dabarar Dantzig, suka samu dala 39.69. Bambancin senti 24 ne kawai, abin da ke nuna cewa gwani mai natsuwa yakan kusanci amsar da kansa. Abincin da Stigler ya samu kuwa garin alkama ne da madarar gwangwani da kabeji da alayyafo da busasshen wake, kullum, shekara guda cur. Dantzig da kansa ya ba da labarin yadda ya nemi kwamfuta ta tsara masa abincin rage ƙiba, ta umarce shi da shan galan 500 na binega, don bai gaya mata cewa cikin ɗan Adam yana da iyaka ba. Kwamfutar ba ta yi kure ba. Wanda ya rubuta tambayar ne ya bar sharaɗi a baya, kuma sai da ya ga amsar banza sannan ya tuna da shi. Wannan komawa baya a gyara tambaya, sau uku ko sau goma, shi ne rabin aikin, kuma a cikinsa kamfani yake gano ƙa'idojin da yake bi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa furta su.

Ɗaya rabin shi ne abin da masana ke kira ɓoyayyen farashi. Duk lokacin da aka warware irin wannan matsala, lissafin yana fitar da wasu lambobi na biyu, ɗaya ga kowane sharaɗi, masu nuna yadda kuɗi zai ƙaru ko ya ragu idan aka matsa sharaɗin kaɗan. A misalinmu na kaya biyu, ɗaga sinadarin gina jiki daga kashi 16 zuwa 17 yana nufin sauya kusan kilo 3 na masara da soya a kowane kilo 100, don haka kuɗin wannan maki ɗaya shi ne tazarar farashin kayan biyu sau uku. Da wannan lamba a hannu, mai gona yana iya tambayar kansa ko ƙarin ƙwan da zai samu ya biya. Haka kuma sharaɗin da ɓoyayyen farashinsa sifili ne ba shi ne ya riƙe kasuwancin ba, komai yawan ƙorafin da ake yi a kansa. Masana'antar da ke shirin cin bashi ta sayi sabon inji tana iya ganowa cewa injin da take da shi ma bai cika aiki ba, awannin wuta ne ko filin sito suka shaƙe ta. Waɗannan lambobi su ne zuciyar aikin Kantorovich, kuma su suka jawo masa kallon zargi a Tarayyar Sobiyet, saboda sun yi kama da farashin kasuwa a ƙasar da ta ce ta rabu da kasuwa. A 1975 ya raba lambar Nobel ta tattalin arziki da Tjalling Koopmans.

Mai suka zai ce an rage wa amsar kanta daraja, kuma yana da shaidu. Bayan Amurka ta sake wa kamfanonin jiragen sama mara a 1978, American Airlines ya yi amfani da lissafi wajen yanke kujeru nawa za a sayar da araha, nawa za a ajiye wa matafiyan da ke zuwa a makare su biya da tsada. Kamfanin ya ƙiyasta cewa tsarin ya kawo masa dala biliyan 1.4 cikin shekara uku, ya kuma ci lambar yabo ta Edelman a 1991. Kamfanin aika kaya na UPS ya ci wannan lamba a 2016 da tsarinsa na ORION, wanda ke jera wa direba gidajen da zai bi, da hasashen rage tafiyar mil miliyan 100 a shekara. Gaskiya ne. Amma a duba abin da ya haɗa su: hukunci iri ɗaya ake maimaitawa dubban sau kowace rana, bayanan shekaru suna ajiye, kuma gobe tana kama da jiya. A irin wannan hali ragin kashi ɗaya cikin ɗari ma dukiya ce.

Inda gobe ba ta kama da jiya, amsar da aka matse har ƙarshe tana zama haɗari, domin lissafi yana ɗaukar duk wani rara a matsayin asara, ya aske shi. Ƙa'idar da Ford Harris ya fitar a 1913 kan yawan kayan da ya kamata a yi oda lokaci guda, wadda har yau ake koyarwa, ta ginu ne a kan cewa buƙata da farashi ba sa motsi. Toyota, wanda ya shahara da ƙin tara kaya a sito, ya sauya ra'ayi kan wasu kayayyaki bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, ya sa masu kawo masa ƙananan sassan lantarki su riƙe na watanni, abin da ya taimake shi a farkon ƙarancin waɗannan sassa a 2021. A Nijeriya kuwa, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ninka farashinsa fiye da sau biyu cikin kwanaki, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Duk jadawalin raba kaya ko na sayen masara da aka tsara a farkon 2023 ya tashi aiki kafin damina ta ƙare. Masana sun san da wannan, don tun 1955 Dantzig ya rubuta kan yadda za a yi lissafin idan ba a da tabbas. Abin da ya fi sauƙi ga ƙaramin kamfani shi ne ya warware matsalarsa da farashi uku ko huɗu daban-daban, ya zaɓi shirin da bai rushe a ko ɗaya ba, ko da ba shi ne mafi riba a kowanne ba.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga littafin akawu. Lissafi zai iya cewa a daina kai kaya wani gari mai nisa don man mota yana cinye ribar, alhali ɗan kasuwa ya san dilan garin ne ya ba shi bashi ranar da kowa ya juya masa baya. Russell Ackoff, ɗaya daga cikin iyayen fannin, ya koka a 1979 cewa masanansa sun shagala da ƙawata dabaru sun bar ainihin rikicin da manaja ke ciki. Kokensa yana kan hanya, amma bai kai ga a jefar da lissafin ba. Amana ma ana iya rubuta ta a matsayin sharaɗi: dole mota ta je garin sau ɗaya a mako. Lissafin zai faɗi nawa wannan yake ci a wata, maigida kuma ya yanke ko ya cancanta, yana sane da abin da yake biya.

Kayan aikin ba su ne matsala ba a yau, tunda manhajar Excel tana ɗauke da Solver, wanda ya ishi matsalar abincin kaji ko ta raba kaya tsakanin shaguna kaɗan. Abin da ke ƙaranci shi ne rubutaccen bayani: nawa aka saya, yaushe, nawa ya lalace a sito, awa nawa inji ya tsaya. Kamfanin da ba ya rubuta waɗannan ba shi da abin da zai ba lissafi. Jami'o'inmu kuwa su rage ba ɗalibai matsalolin da aka kwafo daga littattafan ƙasashen waje da lambobinsu a shirye. Su tura su kasuwar Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai su tattaro farashi da sharuɗɗa da bakinsu, kuma a ba da maki mafi yawa ga yadda ɗalibi ya rubuta tambayar.