Gidan Babban Mutum a Bauchi: Daga Zaure Zuwa Get

Mahaifina magini ne a unguwar Jahun. In mai hali ya kira shi aiki, ba ya fara da tambayar ɗaki nawa za a yi. Sai ya ce, "Alhaji, mutum nawa ke cin tuwo a ƙofar gidanka?" Da amsar nan yake auna faɗin zaure da yawan azarar da za a saro. A cikin ganuwar da Sarki Yakubu ya kewaye garin nan da ita, bayan ya kafa shi a wajajen 1809, a ƙofar gida ake gane girman mutum: dakali ya sha makuba, tabarmi a shimfiɗe, doki a turke, almajirai da ƙoƙuna suna jiran a fito da akushi. Wanda zaurensa ya zama kufai bayan magariba, ko taskarsa cike take, ba a kiransa babba.

Turawa sun ci Bauchi a 1902, amma ba su zauna cikin birni ba. Suka koma waje suka yi Bariki. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ƙarfafa tsarin barin fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Sai ka ce sauron ƙasar nan ya san awo! Ga kuku da boyi kuwa suna kwana a boskwata, taku kaɗan daga gadon Razdan. Abin da ya fi ɗaure wa su baba kai shi ne fasalin gidan: baranda, furanni, fili fetal, amma babu zaure. Gida ne da ba ya tsammanin kowa sai wanda aka gayyata.

Da aka samu 'yanci, manyan ma'aikata suka gaji gidajen, unguwar ta zama GRA. Duk da haka tsohon ma'auni bai mutu nan take ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan ƙasa guda, an kashe shi a Janairun 1966 bai bar gidan a-zo-a-gani ba, kuma har gobe mutanen Bauchi da wannan suke yabonsa kafin su ambaci zaƙin muryarsa.

A ganina, 1976 ce ta juya garin. Janar Murtala ya ƙirƙiri Jihar Bauchi a watan Fabrairu, ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri, kuɗin mai na yawo. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sai fuloti da takardar mallaka suka zama abin da ake nema da sanayya. Aka yanka Sabuwar GRA, Fadaman Mada ta cika, bulo da kwano suka kori tubali da azara. Baba ya ƙarasa rayuwarsa yana yaɓe da gyaran indararo.

Sai kuma hoto ya shigo. Mujallar Ovation, wadda Dele Momodu ya fara a 1996, ta riƙa baje falukan attajiran Ikoyi da Landan shafi bayan shafi, kujeru masu ruwan zinariya da matattakala mai lanƙwasa. Ina tuna yadda ake karɓa-karɓa da ita a ofishinmu har bangonta ya yage. Finafinan Kano suka ɗora da gidajen aro, yau kuma Instagram da TikTok sun gaje su. Wanda ya samu muƙami a Abuja zai dawo ya nuna wa injiniya waya, ya ce irin na Maitama yake so. A zuba masa gilashi tun daga ƙasa har sama, a garin da zafin Afrilu ke hana barci, wuta kuma sai ta ga dama. Soron ƙasa da ake rainawa ba ya buƙatar janareta kafin ya yi sanyi.

Bara na je ta'aziyya wani gida a Sabuwar GRA. Katanga ta fi tsayin mutum biyu, da waya mai ƙaya a kanta. Maigadi ya buɗe 'yar taga a jikin get, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Baba, a waje ake zama." Na waiwaya, ashe an kafa rumfunan haya a bakin titi, an jera kujerun roba da tabarmi. Gida mai falo uku, amma da mutuwa ta zo sai da aka yi hayar zaure. Ranar addu'ar uku da la'asar mota ta zo ta kwashe rumfunan.

Namu zauren na Jahun yana nan, da azarar da baba ya jera da hannunsa. Ƙanena ya ba wani yaro haya, yana cajin waya da POS a ciki.