Shahon Kaka a Ƙasar Karaye da Rogo

Kafin gona ta haɗe da gona tsakanin Karaye da Rogo, kowane ƙauye yana da saurarsa, da burtalinsa, da ɗan dajin da ake yanko gamba a saƙa zana. Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai mafarauta su cinna wa ragowar ciyawar wuta don su koro zomo da gafiya. Al'ada ce mai ɓarna, ba na kare ta. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan wuta ya san shirwa ce ke riga kowa isowa. Hayaƙi na tashi sai sama ta cika da su, suna kutsawa ciki, suna cafke fara da babe da ƙafa, su kai baki ba tare da sun sauka ba.

Akwai wani baƙo da ya fi ba ni sha'awa. Shaho ne siriri, namijin ruwan toka mai baƙi a ƙarshen fiffike, macen ruwan ƙasa da fari a gindin wutsiya. Ƙasa-ƙasa yake shawagi, yana tangaɗi bisa ciyawa, kai a sunkuye. Turawa sun laƙaba masa sunan Montagu. A gonakin alkamar Turai da filayen Rasha yake ƙyanƙyasa, ya ƙetaro Sahara wajajen Oktoba, ya juya a Maris ko Afrilu. Yawancin abincinsa a nan fara ce, kuma a ƙasa yake kwana, cikin doguwar ciyawa, su da yawa wuri guda.

To, doguwar ciyawar ita ce ta tafi. Jama'a ta ƙaru, gado ya rarraba gonaki, babu mai barin fili ya huta shekara uku kamar yadda kakanninmu ke yi. Da aka kammala dam ɗin Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa, ya ciyar da gidaje masu yawa, wannan gaskiya ne. Sai kuma injin feshi ya hau bayan kowane saurayi: maganin ciyawa da damina, maganin ƙwari da rani. An nome burtali har bakin hanya.

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu farauta, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandun daji, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100. Wani binciken da ya fito a 2024 ya duba nau'i 42 na irin waɗannan tsuntsaye a Afirka, ya tarar 37 suna raguwa, kuma a Afirka ta Yamma ne abin ya fi muni. Duk da haka, a kundin ƙungiyar kare halittu ta IUCN shahon Montagu yana sahun waɗanda ba a damu da su ba tukuna, saboda lissafin na duniya ne gaba ɗaya. Ni dai ban ga abin kwantar da hankali a nan ba. A Ajantina, tsakanin 1995 da 1996, kusan 20,000 na wani shahon mai cin fara da ke zuwa daga Amurka ta Arewa sun mutu, saboda gubar da manoma suka fesa wa fara.

Manomin Rogo bai ɗauki shahon Montagu abokin gaba ba, don ba ya ɗauke masa 'yan tsaki kamar shirwa. Maƙiyin geronsa ma yake cinye masa kyauta. Abin da yake nema kuwa shi ne abin da Bafulatani ya daɗe yana kai ƙara gaban dagaci a kansa: a bar burtali da makiyaya yadda aka shata su. Hakimai da dagatan ƙasar Karaye sun san iyakokin nan, akwai kuma dattawan da za su iya nuna su da sanda tun suna raye.